Asabar da Lahadi a Santanbul da ɗan abin da ya rage a aljihu

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zuwa Santanbul sarin kaya. Nakan gama sari ranar Juma'a, jirgi kuma sai Litinin. Kuɗi duk sun shige kaya, sai in ƙare a ɗakin otal a Laleli ina ta shan shayi da biskit. Ko akwai yadda zan ga gari ba tare da na taɓa jari ba?

Amsa: Alhaji, akwai. Abu biyu ne ke cinye kuɗin baƙo a garin nan: tasi, da cin abinci a gidajen da ke daf da wuraren da Turawa ke tururuwa. Idan ka kauce musu, sauran duk mai sauƙi ne.

Ka fara da sayen katin sufuri, Istanbulkart, a injinan da ke bakin tashoshi, ka zuba masa kuɗi. Da shi za ka hau bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin fito. Kuma ka yi sa'ar masauki, domin ƙaramin jirgin ƙasan nan mai bin titi, layin T1, ta Laleli yake wucewa, ya bi Sultanahmet ya gangara Eminönü, bakin ruwa. Ba ka da wata hujjar tsayar da tasi, balle a zagaya da kai unguwanni mita tana gudu.

Ranar Asabar da safe ka taka da ƙafa zuwa masallacin Sulaimaniyya, wanda maginin nan Sinan ya kammala wa Sarkin Musulmi Sulaiman a 1557. Ba a biyan ko sisi. Ka zagaya farfajiyar baya, ka tsaya jikin katanga, za ka ga ruwa da jirage da ɓangaren Asiya duk a gabanka. Wasu sukan biya kuɗi masu yawa su hau hasumiyar Galata don ganin abin da bai fi wannan ba. A jikin masallacin akwai jerin gidajen abinci da suka yi suna wajen dafa farin wake a miyar tumatir, suna ce masa kuru fasulye, ana haɗawa da shinkafa. Faranti ɗaya zai riƙe ka har la'asar.

Daga nan sai masallacin Sultanahmet mai hasumiya shida, shi ma kyauta ne. Ayasofya da ke fuskantarsa, wanda aka gina a 537 aka kuma mayar masallaci a 2020, tun farkon 2024 aka fara karɓar Yuro 25 a hannun baƙi masu zuwa kallo. Fadar Topkapi ma da tsada. In za ka biya ɗaya, ni dai Topkapi zan ce, saboda ɗakin da aka ajiye kayan tarihi da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa.

Maganar ciki kuwa, ka nemi inda ma'aikata da masu shaguna ke ci, wato esnaf lokantasi. Alamarsa tukwane ne jere a bayan gilashi, mai zubawa riƙe da ludayi, mutane na ci suna tashi. Ba sai ka iya Turkanci ba: ka nuna da yatsa, ka tambayi kuɗin, a zuba. Miyar adas mai zafi da burodi ta wadatar da kalaci. A kan titi akwai simit, burodi mai zobe da aka barbaɗe da riɗi, ana sayarwa a jajayen amalanke, da masu tura akwatin gilashi cike da shinkafa da kaza. Mai son kayan ciki ya gwada kokoreç, hanjin rago da aka naɗe a tsinke aka gasa, a daddatsa shi da yaji a cusa a burodi. Amma ƙodon ruwan nan da ake cusa wa shinkafa ana tallarsa a faranti, midye, ka bar shi ya wuce. Ba ka san tun yaushe yake zaune a rana ba, ga doguwar tafiya a gabanka. Abincinsu ba ya da yaji sosai, don haka ɗan ƙullin yajinka na gida zai yi rana. Ruwan sha kuma ka saya a kantuna irin BİM ko A101, ba a otal ba.

Da yamma ka gangara Eminönü ka ci kifi gasasshe a burodi, sannan ka hau jirgin fito zuwa Üsküdar. Masu neman baƙi za su tare ka da tayin yawon ruwa mai tsada. Ka wuce abinka. Katinka zai ƙetarar da kai daga Turai zuwa Asiya a kusan kuɗin bas, ana sayar da shayi a ciki.

Lahadi babbar kasuwar nan mai rufi, Kapalıçarşı, a rufe take, kada ka ɓata ƙafa. Ka hau layin T5 daga Eminönü zuwa Eyüpsultan, ka ziyarci kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari, wanda ya sauki Manzon Allah a gidansa a Madina, ya kuma rasu a bakin ganuwar birnin nan zamanin Mu'awiya. Ka je da wuri, don wurin kan cika da rana.

In mai goge takalmi ya yar da burushinsa a gabanka, ka bar masa abinsa. Da ka ɗauka ka miƙa, zai goge maka takalmi da sunan godiya, sannan ya tsuke fuska ya nemi kuɗi.

Kuɗin Lira ba ya zama wuri ɗaya, don haka ka riƙa canji kaɗan-kaɗan a shagunan canji na cikin gari, ba a filin jirgi ba. Kuma tun ranar Asabar ka ware kuɗin motar Havaist da ke tashi daga Aksaray zuwa filin jirgi, domin filin jirgin da aka koma a 2019 yana can bayan gari, safiyar Litinin kuma hanyar kan cushe.