Amsoshin Tambayoyinku: Kamanni kaɗai kan hana kayan tiyata rajista?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar ɗakin tiyata ce. Na ji an ce ana iya hana mutum rajistar mallakar fasalin kayan aikin da ya ƙera, don kawai ya yi kama da wani abu da ake da shi. Shin kowane irin abu ne, ko sai ɗan'uwansa?

Amsa: Malama, wannan tambayar taki sai da ta kai gaban kotun ɗaukaka ƙara a Amurka. Sharaɗin farko na rajista shi ne fasalin ya zama sabo, ba wanda jama'a suka riga suka sani ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, da me za a gwada shi?

Wani kamfani mai suna SurgiSil ya nemi rajistar fasalin wani ɗan abu da likitoci ke dasawa a cikin leɓe: siriri, dogo, mai tsini a baki biyu. Jami'in ofishin rajista ya ƙi. Hujjarsa? Ya gano wani kayan masu zane a kundin tallar kamfanin Blick, takarda ce da aka nannaɗe tam kamar fensir, ana murza gawayi da ita a jikin hoto. Ki ajiye su gefe da gefe, kamar an tsaga kara. Kwamitin sauraron koke na ofishin ma ya goyi bayansa.

A watan Oktoban 2021 kotun ta soke wannan hukunci. Ta ce kariyar fasali tana tsayawa ne kan abin da mai nema ya ambata a takardarsa. SurgiSil abin dasawa a leɓe ya ambata, nannaɗaɗɗiyar takarda kuwa ba abin dasawa ba ce. A ganina kotun ta yi adalci, domin babu likitan da zai je shagon masu zane neman abin da zai sa a jikin majiyyaci.

Sai dai ki lura, ƙa'idar da ta ceci SurgiSil ita ce ta ɗaure kamfanin Curver a 2019. Ya yi rajistar wata saƙa mai kama da ta kaba, ya rubuta cewa ta kujera ce. Da wani kamfani ya sa irinta a jikin kwanduna, kotun nan ta ce ba a taɓa haƙƙin Curver ba, tunda kwando ba kujera ba ne.