Darasi: Uwargida, San Aikin Ƙaramar Hukumarki

Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙaramar hukuma ne, wato gwamnatin da ta fi kusa da ƙofar gidanki.

Idan damina ta sauka, kwata ta toshe, sauro ya samu wurin zama, wa ke kwana zaune da yaro mai zazzaɓi? Ai ke ce, uwargida. Amma da yawanmu iyakarmu mu ce "gwamnati ta manta da mu", ba mu san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Jihar Kano kaɗai tana da 44. Tsarin ya samo asali ne daga gyaran da aka yi a 1976, sannan kundin tsarin mulki na 1999 ya zayyana ayyukansu. Ga wasu daga ciki:

1. Gyaran titunan unguwa da magudanan ruwa, da kwashe shara. A babban birni irin Kano, hukumar jiha ma tana wannan aiki na shara.
2. Kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da banɗakunan jama'a.
3. Kula da maƙabartu.
4. Haɗa hannu da gwamnatin jiha a kan makarantun firamare, karatun manya da ƙananan asibitoci, inda muke zuwa awon ciki da rigakafin yara.

To, da wane kuɗi? Akwai kasonsu daga asusun tarayya kowane wata, ga kuma kuɗin rumfar kasuwa da na tasha. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kason nan kai tsaye. Ke nan aikin ba alfarma ba ne, haƙƙinki ne.

Yaya za ki nema? Kowace mazaɓa tana da kansila. Ku haɗu da matan layinku, ku shawarci mazajenku da mai unguwa, ku rubuta takarda a kan matsala guda ɗaya, ku sa hannu, ku ajiye kwafi. In an ji shiru, a sake tuntuɓa, a kai har ofishin ciyaman. Mu ma mu daina zuba shara a kwata, don kada a ce laifin daga gida ne.

Aikin gida: kafin fitowa ta gaba, ki binciko sunan mazaɓarki da na kansilanku.