Yunwar Ciki da Yunwar Zuciya

Darasi domin 'yan jami'a da iyayensu

Sa'ad da muka sallami yaronmu zuwa jami'a, mu kan damu da kuɗin makaranta, da wurin kwana, da irin abokan da zai yi. In ya dawo hutu muka ga ya rame, sai hankalinmu ya tashi. In kuwa muka ga ya yi kumatu, riga ta matse shi, sai mu ce, "Madalla, makaranta ta karɓe shi." Wani lokaci gaskiyarmu ne. Amma wani lokaci ƙibar nan alama ce ta zuciyar da ta rasa kwanciya, mai ita kuwa bai sami wanda zai gaya wa ba. A cikin darasin wannan wata za mu duba yadda halin zuciya ya ke shiga cikin sha'anin ci, musamman ga samari da 'yan mata da suka bar gida domin karatu.

1. Wace ƙiba ce mai cutarwa?

Likitoci suna da wani lissafi mai sauƙi. A auna tsawon mutum da mita, a riɓanya shi da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Ga misali. Saurayi mai tsawon mita 1.70, in aka riɓanya za a sami 2.89. Idan nauyinsa kilo 70 ne, amsa ita ce 24. Idan kilo 87 ne, amsa ita ce 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa an shiga ƙiba mai cutarwa. Lissafin ba ya bambanta tsoka da kitse, saboda haka ɗan kokawa zai iya wuce 25 yana lafiya lau. Amma ga yawancinmu ma'auni ne mai amfani.

Hukumar ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da irin wannan ƙiba, kuma a cikin manya abin ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Ƙiba mai yawa ta kan buɗe ƙofa ga ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa. Waɗannan ba su cika nuna kansu a shekara ashirin ba. Sai mutum ya yi iyali, ana dogara gare shi, sa'an nan su fito.

2. Shekarar farko a jami'a

A Amurka ɗalibai suna da wata magana cewa sabon shiga jami'a ya kan ƙara wajen kilo 7 a shekararsa ta farko. Da masana suka auna, sai suka ga an ƙara wa maganar gishiri, amma akwai gaskiya a ciki. A shekarar 2004 David Levitsky da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka ba da labarin sababbin ɗalibai 60 da suka auna. Cikin mako 12 kaɗai, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo 2 bisa matsakaicin lissafi. Da aka tattara bincike iri iri daga baya, an ga fiye da rabin ɗalibai su kan ƙara nauyi a shekarar farko, matsakaicin ƙarin kuwa tsakanin kilo 1 da 2 ne.

Wani zai ce, kilo 2 har wani abu ne? Lalle ba shi da yawa. Amma halin ci da mutum ya koya a waɗannan shekaru shi ya kan tafi da shi gidan aurensa da wurin aikinsa. Kilo 2 bana, kilo 2 baɗi, kafin shekara goma an zama wani mutum dabam.

Dalilan a fili su ke. Yaro ya bar tukunyar uwarsa. Ba mai kiransa cin tuwo a kan lokaci. Zama ya yi yawa, tafiya ta ragu. Ga dalili ɗaya kuma da ba a gani da ido, watau kewar gida, da tsoron jarrabawa, da kaɗaici a tsakiyar dubban mutane.

3. Mece ce basirar zuciya?

A shekarar 1990 waɗansu malamai biyu na Amurka, Peter Salovey na Jami'ar Yale da John Mayer na Jami'ar New Hampshire, suka rubuta cewa akwai wata basira dabam da wadda a ke aunawa da lissafi da hadda. Mu a nan za mu kira ta basirar zuciya. Littafin Daniel Goleman na 1995 shi ya baza maganar cikin duniya. A 1997 Mayer da Salovey suka raba ta kashi huɗu.

Na ɗaya, mutum ya gane abin da ya ke ji, ya kuma gane na waɗansu a fuskarsu da muryarsu.

Na biyu, ya yi amfani da abin da ya ke ji wajen tunani. Tsoron faɗuwa, alal misali, zai iya sa shi ya buɗe littafi.

Na uku, ya fahimci inda abin ya fito da inda zai kai shi. Ya san cewa ƙaramin ɓacin rai da aka bari ya kwana ya kan zama fushi.

Na huɗu, ya iya sarrafa shi, ya kwantar da kansa, ya kuma taimaki wani ya kwantar da nasa.

Mu lura, ɗalibi zai iya zama na ɗaya a ajinsa, amma in aka tambaye shi, "Me ke damunka?" ya kasa faɗa. Abin da ya sani kawai shi ne ba ya jin daɗi.

4. Inda zuciya da ciki su ke haɗuwa

Hilde Bruch likita ce haifaffiyar Jamus wadda ta yi aiki a Amurka. A littafinta na 1973 ta nuna cewa waɗansu masu ƙiba ba su iya bambanta yunwa da damuwa. In suka ji tsoro, ko kaɗaici, ko haushi, sai su ɗauka yunwa ce. Ta ce wannan ya kan fara tun ana jariri, idan duk lokacin da yaro ya yi kuka abinci a ke tura masa, ko da sanyi ya ke ji ko kuwa ɗauka ya ke so.

A shekarar 1999 Georgina Oliver da Jane Wardle na Landan suka tambayi ɗalibai 212 yadda su ke ci in suna cikin matsi. Waɗanda suka ce cinsu ya kan ƙaru da waɗanda suka ce ya kan ragu sun kusa zama daidai. Amma wajen kashi uku cikin huɗu sun ce ciye-ciyen tsakanin abinci ya kan ƙaru. Hannu ya kan tafi ga alewa da cakulan, a bar abincin kirki.

Jiki ma yana da nasa hannu a ciki. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai fitar da sinadarin da a ke kira kotisol sa'ad da mutum ya shiga matsi. A 2001 Elissa Epel da abokan aikinta suka gwada mata 59. Waɗanda jikinsu ya fi fitar da kotisol a ranar matsi su ne suka fi ci a ranar, suka kuma fi son zaƙi.

Sai rashin barci. A 2004 masana a Jami'ar Shikago suka sa samari 12 su yi barcin awa 4 kaɗai har kwana biyu. Sinadarin da ke sanar da ƙoshi, watau leptin, ya ragu da kashi 18 cikin ɗari. Mai ta da yunwa, watau girelin, ya ƙaru da kashi 28. Samarin suka riƙa marmarin zaƙi da abinci mai nauyi.

Yanzu bari mu haɗa su wuri ɗaya da misali. Ga wata yarinya a ɗakin kwanan ɗalibai, saura kwana uku jarrabawa. Ƙarfe ɗaya na dare ta kasa gane abin da ta ke karantawa. Ta tuna kuɗin da ubanta ya ranto domin karatunta. Ƙirjinta ya yi nauyi. Ba ta ce wa kanta, "Tsoro na ke ji" ba. Sai ta tashi ta dafa taliya leda biyu, ta kora da lemon kwalba. Ta sami sauƙi na minti goma. Tsoron yana nan inda ya ke, ga kuma jin haushin kanta ya ƙaru a kai. Gobe da dare sai ta sake.

Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, watau a iya riƙe magana. Riƙe asiri abu ne mai kyau. Amma damuwar da aka cusa a ciki ba a gaya wa kowa ba, sau da yawa da tuwon a ke danne ta.

5. Kada mu wuce gona da iri

Binciken da aka yi a ƙasashe dabam dabam ya nuna cewa masu ƙarancin basirar zuciya sun fi faɗawa cikin cin damuwa da sauran rikicin ci. Amma dangantakar ba babba ba ce, kuma yawancin binciken nan tambayoyi ne da aka yi wa mutane sau ɗaya, ba su isa su nuna wanne ya haifi wanne ba. Ƙiba tana da iyaye da yawa: gado, da irin abincin da aljihu zai iya saye, da waɗansu magunguna, da waɗansu cututtuka, da rashin motsa jiki. Akwai mai ƙiba mai zurfin hankali da natsuwa. Akwai kuma siriri wanda damuwa ke cinsa, gama mun ga waɗansu ba su iya ci sam in suna cikin matsi. Kada kuma mu manta da ɗaliban da damuwarsu ita ce inda za su sami abincin rana.

Saboda haka kada kowa ya ɗauki darasin nan ya mai da shi sanda. Ba'a ba ta rage wa kowa nauyi. Wani bincike a Amurka a 2013 ya nuna cewa manyan da aka wulakanta saboda nauyinsu sun fi shiga ƙiba mai yawa bayan shekara huɗu. Wanda muka yi wa dariya a aji, mun ƙara masa irin nauyin zuciyar da ke kai shi ga ci.

6. Abin da ɗalibi zai yi

Abin farin ciki shi ne, basirar zuciya ana koyonta.

Da fari, kafin mu kai hannu ga abinci ba a kan lokaci ba, mu tsaya mu tambayi kanmu, "Cikina ne ke kira, ko zuciyata?" Yunwar ciki ta kan zo sannu a hankali, ta kan karɓi ko wane abinci, in an ƙoshi ta tafi. Yunwar zuciya ta kan faɗo farat ɗaya, abu guda ta ke so, ba ta jin ƙoshi, ta kan bar da-na-sani.

Na biyu, mu kira abin da sunansa. A 2007 Matthew Lieberman na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi da masu tsoro. Da suka zaɓi kalmar da ta dace da abin da suka gani, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da firgita ya rage aiki. Mu ce, "Kewar gida na ke yi," ko "Kunya na ji yau." In mun ga dama mu rubuta a takarda.

Na uku, mu ba zuciya abincinta. Mai kaɗaici ya nemi aboki. Mai tsoron jarrabawa ya je wurin wanda ya fi shi gane darasin. Mai haushi ya fita ya zaga fili. Mai gajiya ya kwanta.

Na huɗu, mu kiyaye jiki. Mu ci a kan lokaci, kada mu wuni da yunwa mu rama da dare. Mu nemi barcin awa 7 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, watau tafiya da sauri rabin awa, kwana biyar. Ta kuma ce sukarin da a ke ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, wajen giram 50 ke nan ga babba. Lemon kwalba mai rabin lita guda ɗaya ya kan kai wannan.

Na biyar, in mun ga muna ci har ba mu iya tsayawa, ko muna sa kanmu amai, ko baƙin ciki ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, mu je wurin likita. Wannan ciwo ne, yana kuwa da magani.

7. Abin da iyaye za su yi

Mu iyaye, in mun kira yaro a waya, tambayarmu ta fari ita ce, "Ka ci abinci?" Tambaya ce mai kyau. Bari mu ƙara wata a kai: "Yaya zuciyarka?" Sa'an nan mu yi shiru mu saurara, kada mu yi saurin cewa, "Yi haƙuri, kai namiji ne." In 'yarmu ta dawo hutu da ƙiba, kada mu yi mata tsiya a gaban baƙi. Mu zauna da ita mu ji yadda zaman makaranta ya ke. Ƙananan da ke gabanmu kuma, kada mu saba rufe musu baki da alewa duk sa'ad da suka yi kuka. Mu tambaye su abin da ya faru, domin su koyi faɗar abin da ke ransu tun kafin ranar barin gida ta zo.

Tambayoyi

1. Ta yaya za mu bambanta yunwar ciki da yunwar zuciya?

2. Waɗanne ne kashi huɗu na basirar zuciya? Wanne ya fi yi mana wuya?

3. A cikin misalin yarinyar nan, me za ta iya yi da ƙarfe ɗaya na dare maimakon dafa taliya?

4. Don me ba daidai ba ne mu yi wa mai ƙiba ba'a?

5. A cikin makon nan kowa ya rubuta lokacin da ya ci abu ba da yunwa ba, da abin da ya ke ji a ransa a lokacin. In mun sake haɗuwa, wanda ya yarda ya gaya mana abin da ya gano.