Rabe-raben Halittu: Darasi Daga Ƙadangaren Goronyo

Gabatarwa

Duk ɗalibin harshe ya san cewa ba don kalmomi sun yi kama ake cewa harsuna biyu 'yan uwa ne ba. Hausa cike take da kalmomin Larabci, amma masana sun sanya ta cikin harsunan Chadi ne bisa ga ƙirarta. Haka abin yake wajen rarraba halittu. Wannan maƙala za ta duba misali ɗaya daga ƙasar Sakkwato.

Asalin Dabbar

Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, teku ya taɓa shanye yankin da yake Sakkwato a yau. A cikinsa aka yi wata ƙatuwar dabba mai jan ciki, wadda ƙasusuwanta suka daskare suka zama dutse. A 1930 wani masani ɗan Birtaniya, W. E. Swinton, ya nazarci wasu daga ciki, ya raɗa mata suna Mosasaurus nigeriensis. Wato ya ɗauka jinsinta ɗaya da wata dabbar teku da aka tono a Turai, kusa da kogin Meuse.

Sauyin Suna

A 1972 Augusto Azzaroli da abokan aikinsa 'yan Italiya, bayan sun nazarci ƙoƙon kai da aka samu a ƙasar Goronyo, suka ga ya sha bamban da na Mosasaurus. Sai suka ware mata jinsi nata na kanta, Goronyosaurus. Sunan harɗaɗɗe ne: Goronyo, sai "sauros", kalmar Girkanci mai nufin ƙadangare. Kashi na biyu, nigeriensis, yana nufin "ta Nijeriya", shi kuwa ba a taɓa shi ba.

Kada Ce Ko Ƙadangare?

Bakinta dogo ne siriri kamar na kada, don haka mai kallon farko zai ce kada ce. Amma ƙirar ƙasusuwanta ta nuna tana cikin dangin Mosasauridae, wato ƙadangarun teku, waɗanda a cikin dabbobin yau suka fi kusa da damo da guza da macizai. Ba dinoso ba ce kuma, duk da cewa zamaninsu ɗaya, kuma tare suka ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce.

Matsayinta a cikin dangin ya daɗe yana jawo muhawara. Bayan bayyana Gavialimimus a 2020 da Khinjaria a 2024, dukkansu daga Maroko, masu nazarin sun haɗa su rukuni ɗaya da ita.

Kammalawa

Kama da wane ba ta wane. Ko dabba ake rarrabawa ko harshe, ƙirar ciki ake bi, kuma sabuwar hujja kan sa a sake duba tsohon hukunci.