Taron Unguwa Da Hakkin Yanke Shawara

Jama'a, mulkin da muka saba da shi a Kaduna na wakilai ne. Duk bayan shekara 4 sai mu jefa ƙuri'a, jihar nan ta tura mutum 34 majalisar dokoki da ke Lugard Hall, mu kuwa mu koma gida mu zura ido. Abin da suka zartar ya hau kanmu. Dattawa ba su manta da 1981 ba, sa'ad da majalisa ta tsige Gwamna Balarabe Musa ba tare da an koma wa talakawan da suka zaɓe shi a 1979 ba.

Akwai inda ba haka ake yi ba. A jihar Glarus ta ƙasar Suwizalan, sau ɗaya a shekara jama'a kan hallara a fili, mai magana ya tashi ya faɗi ra'ayinsa a kan doka ko haraji, a ɗaga hannu a yanke. A Porto Alegre ta Barazil kuma, daga 1989 aka fara bai wa mazauna unguwanni damar zaɓar ayyukan da za a yi musu da wani kaso na kuɗin birni.

To, Dandalin Murtala ba zai ɗauke mutanen Kaduna ta Arewa ba, wannan gaskiya ne. Amma Unguwar Shanu ko Badarawa ba su fi ƙarfin taro ba. Wane ne ya fi mai ɗaki sanin inda yake masa yoyo? Matar da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa a Kawo ta san ko famfo ya kamata a fara gyarawa ko kwalbati.

An ma soma. Akwai tsarin da al'umma ke zama su jera buƙatunsu, mafi muhimmanci a gaba, a miƙa takardar don a sa cikin kasafin kuɗi. Sai dai a lura, wannan shawara ce kawai, hukunci yana hannun hukuma. Kuma taron da mata da matasa ba su halarta ba, 'yan tsiraru masu baki ne za su cinye shi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, tambayi mai unguwarku da kansilanku ranar zama na gaba. Ka je da maƙwabtanka, ku nemi a rubuta abin da aka amince a kansa, a karanta a bainar jama'a, ku riƙe kofe, in shekara ta zagayo ku tambayi wanne aka yi.