Amsoshin Tambayoyinku: Bel ɗin Katafila da Ba na Kamfani Ba

Haƙiƙa ba kowane bel da bai fito daga kamfanin injin ba ne jabu, domin masu ƙera manyan injuna su kansu sau da yawa wurin masana'antu irin su Gates suke saye. Illa iyaka, wajibi ne lambarsa da faɗinsa su dace da kwarmin fuli, kada ya taɓa gindinsa, don kuwa da gefe yake kamawa. In fulin ya cinye, ko boris ya lalace, to, ko na asali ba zai yi ƙarko ba. In bel uku ne a jere, sauya su baki ɗaya, sannan bakanike ya sake ɗaure su bayan aikin yini guda.