Ɗana, Ka Yarda a Ɗauke Ka

 

Labari ya iske ni cewa ƙashin ƙafarka da ya karye ya fara kamawa, amma zuciyarka ta ƙi kwanciya. An ce abinci sai ka ɗan taɓa ka ture, masu zuwa dubiya kuma sai ka juya fuska bango kamar mai barci. Maiɗakinka ba ƙararka ta kawo ba, damuwa ce ta yi mata yawa. Ni ma ba faɗa na zo yi ba.

Na san abin da ke cin ka, domin garin nan ne ya rene mu duka. Arlit ba gari ba ne na kaka da kakanni. Aiki ne ya kafa shi a shekarar 1969, bayan Faransawa sun gano yuraniyom a ƙarƙashin wannan hamada. SOMAÏR ta fara fitar da ƙarfen a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978, aka gina Akokan saboda ma'aikatanta. Iyayenku sun baro Maraɗi, Tawa, Damagaram da Dogonduci, wasu ma daga Benin da Togo, ba su zo da komai ba sai ƙarfin damtse. Mutum ya sauka rami mai zurfin mita 250, ya fito ya aika wa gida kuɗi, a ce wane ya zama mutum. A irin wannan wuri yaro yana tashi da tunanin cewa darajar namiji ita ce abin da kafaɗarsa ke iya ɗauka. Ka ga abin da ya faru da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021: ma'aikata kimanin 600, ban da 'yan kwangila, suka wayi gari ba wurin zuwa. Da yawansu lafiyarsu ƙalau, amma kunyar zaman gida ta kusa kayar da su. Kai kuwa ga zaman gida, ga ciwo, ga matarka ce ke kawo maka ruwan wanka. Dole abin ya yi nauyi.

Ka sa a karanta maka Markus sura 2. A Kafarnahum mutum huɗu suka ɗauko wani shanyayye a kan shimfiɗarsa, suka tarar gidan da Yesu yake ya cika har bakin ƙofa. Sai suka hau sama, suka buɗe rufin, irin rufin soronmu na ƙasa da azara, suka zura shi a gaban Ubangiji. Ka lura da abu biyu. Marubucin ya ce bangaskiyar waɗanda suka ɗauko shi ce Yesu ya gani. Shi kuma mai ciwon, daga farkon labarin har ƙarshensa, ko kalma ɗaya ba a rubuta ya faɗa ba. Bai yi doguwar addu'a ba, bai nuna jarunta ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya bari aka tallafe shi, aka ratsa gari da shi kowa yana kallo. Ga namiji wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni a ganina shi ma bangaskiya ce. Shi ne aikin da ke gabanka a watannin nan.

Don haka idan addu'a ta ƙi fitowa daga bakinka, kada ka ɗauka ka yi ridda. Mu 'yan kaɗan ne a garin nan, na majami'ar Katolika da namu na bishara, amma mun isa mu riƙe kusurwa huɗu na tabarma. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta ce mai ciwo ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai. Ka kira mu. Ranar da baƙin ciki ya taso kuwa, ka faɗa wa Allah shi yadda yake, ba sai ka yi masa kwalliya ba. Zabura ta 88 kuka ce tun daga farko, a cikin duhu ma ta ƙare, amma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Wanda ya bar ta a ciki ba zai kore ka don ka yi ƙorafi ba.

Wataƙila wani ya riga ya raɗa maka, ko zuciyarka ta raɗa, cewa akwai laifin da ka yi shi ya sa ƙarfe ya faɗo maka a wurin aiki. A Luka sura 13 Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rushe a kansu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Kowa yana bukatar tuba, ni da kai duka, amma karayarka ba hukunci ba ce. Maƙwabtanmu Musulmi za su zo, su da suka fi kowa riƙon dubiya, wani zai ce Allah ya sa kaffara ne. Alheri yake nufi, ka yi masa godiya da fuska a sake. Mu dai mun gaskata an riga an biya tamu kaffarar a kan gicciye.

Yanzu maganar ƙafar kanta. Ƙashin ƙauri yakan ɗauki wata uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin ya iya ɗaukar nauyin mutum. Sannu ba ta hana zuwa. Kada wani mai zafin wa'azi ya ce ka jefar da sanda ka taka don ka nuna bangaskiya, alhali likita bai ce ka taka ba. Tun 1950 da aka buɗe asibitin Galmi, Kiristocin Nijar suke haɗa addu'a da magani a ɗaki ɗaya, ba su taɓa ganin ɗaya yana kishi da ɗaya ba. Kada kuma a lallashe ka a kwance aikin asibiti a kai ka wurin maɗori, tunda akwai buɗaɗɗen rauni. Idan yatsun suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko ka daina jin su, ko wurin ya fara wari, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti a ranar, ba gobe ba. Ka rufe raunin daga ƙurar garin nan. Ka sha ruwa sosai, ka ci wake, ƙwai da nono. Ka ajiye taba, tana jinkirta haɗuwar ƙashi. Tramol ɗin da ake sayarwa a tebur kuma, ina roƙonka, kada ya shiga gidanka. Mun ga samarin da ƙafa ta warke amma ƙwayar ta riƙe su. In ciwo ya hana ka barci, likita za ka gaya wa.

Takardun ma kada a yi sakaci da su. Hatsarin aiki ne, idan kana da rajista a CNSS, hukumar inshorar ma'aikata, akwai hakkinka a can. A adana hoton ƙashin da kowace takardar likita. Neman hakki ba rashin haƙuri ba ne, 'ya'yanka kake nema wa.

Ba zan yi maka alkawarin cewa za ka koma yadda kake dā ba, wannan yana hannun Allah. Yakubu na Tsohon Alkawari ya kwana yana kokawa a mashigin Yabbok, ya fito da albarka da sabon suna, ya kuma fito yana ɗingishi. Albarkar da ɗingishin duka ya tafi da su. Ko da sanda ka tashi, wurinka a gidanka da cikinmu yana nan.

Ga abin da nake roƙa maka safe da yamma. Ya Uba, kai ka ƙera ƙashin nan, ka haɗa shi daidai. Ka ba bawanka barci da dare. Ka ba masu jinyarsa basira, ka ƙarfafa matarsa, kada abinci ya yanke a gidansu. Ka cire masa kunyar karɓar taimako. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Ranar Lahadi bayan sujada za mu zo da fasto da jibin Ubangiji. Matan zumunta sun raba ranakun girki a tsakaninsu, samari biyu kuma za su riƙa kai ka wankin rauni. Ka gaya wa maiɗakinka wace sa'a ta fi muku, ta aiko yaro ya sanar da ni.